Kujerar Baƙo a Motar Baba Nomau

Shekaranjiya na tahi sallar azahar masallacin tasha, na bar kamiyona cike da albasa tana jiran takarda. Ko da nid dawo sai nit tarar da mutum zaune cikin kabin ɗina. Ya cire takalmi, ya ɗora ƙahwa inda nike aje tasbaha da tabarau, shina danna salula.

Nic ce, "Malam, lahiya?"

Yac ce, "Oga, ai ni ma direba ne. Kamasho ya ce za ka Tawa, in shiga in jira ka."

Kamasho ya ce! Ku ji mani magana. Na sauke shi, na miƙa mashi takalminai ta taga. Tun sannan samarin tashar Ƙonni ke yawo da ni, wai Isuhu Babu-Zama ya samu mota mai taya goma ya hwara ɗaga hanci, wai kujera guda da babu kowa bisanta nike ma rowa. To ku matso ku ji, ku da kuke ganin tuƙi murza sitiyari ne da saka tabarau. Ni ba mai karatu ba ne, aji huɗu nib bar lakwal, yadda nike magana haka za ku ga rubutun. Amma kujerar nan da kuke raina ta, shekara biyu tac ci mani, kuma ba ni son ta ci ma wani.

Ubana manomin gero ne wajen Tsarnawa. Ya kai ni lakwal, na tsere. Ya kai ni gona, na tsere. Na sai da mai cikin kwalba bakin hanya, na yi turin baro bakin iyaka, na yi kabu-kabu wata uku har nit taka akuyar liman. Babu inda nike cika wata shida, shi yas sa anka liƙa mani Babu-Zama. Daga ƙarshe kawuna yak kama hannuna yak kai ni wurin Ilu Gajere, direban kamiyo mai jigilar albasa daga Galmi, yac ce mashi, "Ga shi nan. Tunda ba shi iya zama, a ba shi aikin da ba a zama."

Shekara uku ban taɓa sitiyarin Ilu ba in ba da tsumma ba. Kayan aikina uku ne: weji, wato guntun katakon da ake tare taya da shi, da ƙarhen bugun taya, da igiya. Ku yanzu kuna ganin mutum na zagaya mota shina ƙwanƙwasa tayu ku ce al'ada ce kawai. Taya magana take. Mai lahiya amsa maka take da ƙarhi, ƙarhen shi dawo hannunka. Wadda iska yah hwara gudu muryarta a mace take, kamar ka bugi buhun dussa. Ta ciki cikin tagwayen baya ita ce munahuka, ido ba ya ganinta, kunne ke kama ta. Igiya kuma kowane kaya da ɗaurinai. Ka ɗaure albasa ɗaurin siminti, ka isa da miya. Ka ɗaure siminti ɗaurin albasa, ka raba ma ƙauyuka sadaka a kowace kwana. Sai a shekara ta huɗu Ilu yah hwara ba ni mota in juya ta cikin tasha, ta biyar nike tuƙa ta inda babu jandarma, ta shida niy yi permi, wato takardar izinin tuƙi.

Wata rana muna lodi a Galmi, lokacin ina shekara ta biyu, wani mutum yaz zo, hannuwanai baƙi ƙirin da baƙin mai. Motatai ce tal lalace, za shi Ƙonni neman kayan gyara. Babban direba ne, na san shi, ya girmi Ilu nesa. Na tsaya ina kallon yadda za shi yi. Bai nemi mai albasa ba, bai nemi kamasho ba. Ya jira sai da Ilu yag gama duba igiya yah hau kujeratai. Sannan yaz zagayo ta hagu, gehen direba, yat tsaya ƙasa, taku biyu daga ƙohwa, bai dahwa ta ba. Yay yi sallama, yag gaida aiki, yat tambayi lahiyar mota. Yah hwaɗi sunanai, da sunan wanda yak koya mashi tuƙi, mutumin da yad daɗe da rasuwa. Yaz zaro permi yam miƙa ba a tambaye shi ba. Sannan yac ce, "Maigida, in da hali ina roƙon kujera zuwa Ƙonni. In babu hali, Allah shi kiyaye hanya."

Ilu yac ce, "Zagayo, yaya."

Da munka sauke shi nic ce ma Ilu, "Maigida, wanga dattijo da shekarunai, shi tsaya shina roƙonka kamar mai neman aure?"

Yac ce, "Kai, rufa mana baki ka ji. Mai kaya shi ke da kaya. Mai mota shi ke da ƙarhe. Amma kabin na wanda ran mutane ke hannunai ne. Ko uban da yah haihe ni ba shi ba da kujerar nan a madadina."

A nan nik koyi sauran. Kujerar baƙo, wadda ke dama da direba, hakkin kowane direba ce in ya rasa mota, kyauta, daga nan har inda kwalta taƙ ƙare. Amma roƙonta ake, kuma wanda anka hana ba shi tambayar dalili. In ka samu, ba hutu kas samu ba, aiki ne. Ba ka barci. Ba ka taɓa kaset. Ba ka kai loma baki kahin mai mota. In anka tsaya kai ke hwara dira da weji. Gaban jandarma ko duwan, wato 'yan kwastan, bakinka a ruhe, ko da ka hi mai motar iya Hwaransanci. Babbar kuma ita ce ta ido. Ilu yac ce, "In ka ga abu, ka hwaɗi sunanai da inda yake. Raƙumi dama. Rami gaba. Shi ke nan. Ba ka cewa taka burki, ba ka cewa kauce. Kai ido ne, ba hannu ba. Sitiyari guda ba ya ɗaukar kai biyu." In an iso ka yi godiya ka sauka. Wanda yaz zaro kuɗi ya zagi mai mota, ya mai da shi ɗan taksi, ya mai da kanai hwasinja.

Bara na ɗauki wani mutumin Illela da ke aiki hilin jirgin sama a Yamai. Da nike mashi wanga bayani yay yi dariya yac ce ai direbobin jirgi ma haka suke. Wai akwai wata 'yar kujera mai naɗewa bayan masu tuƙin, direban jirgin da ba shi kan aiki na iya zama bisanta, amma ko kamfani ya ba shi takarda sai ya je da kanai ya gaida babban direban ya roƙa. Nic ce to ka ji. Mutanen da ke tuƙi cikin gajimare ba su hi ƙarhin sallama ba, sai yaran tashar Ƙonni.

Yanzu ga abin da niy yi da duk wanga ilimi.

Permi na da kwana tara a aljihuna Ilu yak kira ni yac ce ya yi mani hanya. Akwai wani ɗan kasuwa a Illela ta arewa, ba ta tsallaken iyaka ba, Alhaji Shaibu, mai sayen wake da sai da siminti. Motocinai biyu. Babbar na hannun Baba Nomau, ƙaramar kuma direbanta ya bar aiki. Alhaji ya ce in zo ran kasuwa shi gan ni. Motar hwarko da zan riƙe ke nan. Wanda bai yi shekara shida shina hawa bisa kaya ba ba shi san mi wanga ke nuhi ba.

Na ɗinka shadda shuɗiya, na sayi takalmi sau-ciki. Da sahe nis shiga tasha nit tarar da babbar motar Alhaji tsaye, ta ɗauko siminti daga Malbaza ta biyo Ƙonni ƙarin kwanon ruhi. Sahabi, ɗan ƙanen Alhaji mai kula da lodi, yag gan ni yac ce, "A'a, sabon direbanmu! Ai ga motar gida nan za ta Illela. Shiga abinka, tsohon ya tahi sayen goro."

Kada ku ce ban sani ba. Na sani sarai. Gani niy yi al'adar nan ta baƙi ce, ni kuwa ɗan gida ne, gobe war haka tare za mu jera motoci ƙohwar Alhaji. Nib buɗe ƙohwa nih haye. Sabon takalmi na cizo, nic cire shi na aje inda tsohon ke aje butatai.

Baba Nomau mutumin Tajaye ne, dogo, siriri, ya haura sittin, kullum goro a kunci. In ya yi magana goma a wuni an ce yau Nomau ya sha surutu. Yab buɗe ƙohwatai yah hau. Yad dube ni, yad dubi takalmin.

Nic ce, "Sannu Baba. Ni ne Isuhu, sabon direban Alhaji. Sahabi yac ce in shiga."

Yac ce, "Sahabi."

Nic ce, "I."

Yac ce, "To." Yat tada mota.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Ba mu bar gari ba nic cire kaset ɗin gurmin da yake saurare nis sa nawa. Munka kama 'yar hawan da ke bayan gari, mota na nishi da siminti, nic ce, "Baba, ba ta giya ta huɗu mana, kuka take." Gaba kaɗan amalanke yab ɓullo can nesa, nid daki gaban mota nic ce, "Taka burki, Baba!" Mutumin da yah hwara tuƙi uwata na goye.

Mararrabar Tsarnawa yas sauka gehen hanya gaban wani mai shayi. Yac ce, "Direba."

Kai, ƙirjina sai da yab buɗe. Nic ce, "Na'am, Baba."

"Sauka ka bugo mani tayun baya."

Nid dira ba takalmi, niz zagaya nib buga su ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar ƙwarewa don masu shan shayi su gani. Ko da nid dawo, ƙohwa a kulle. Takalmina na ƙasa an jera su kusa da juna, kaset ɗina bisansu.

Nic ce, "Lahiya lau suke, Baba."

Yac ce, "Madalla. Hau bisa."

"Bisa ina?"

"Bisa siminti. Can hwasinja ke zama."

"Baba, ai ni direba ne."

"Wa yas shaide ka?"

Niz zaro permi niɗ ɗaga. Yac ce, "Wagga takardar gwamnati ce. Ka aje ma jandarma."

Nan ne niy yi wadda tah hi duka. Nic ce, "In kuɗin mota ne, sai in biya."

Mai shayi yac ce, "Subhanallahi!" Wani direban tanka da ke zaune bisa benci ya aje kohinai ƙasa a hankali. Baba Nomau yat tohwar da goro yac ce, "Ilu Gajere yak koya maka wanga?" Bai jira amsa ba yas sa giya. Ko in hau ko in rasa ranar kasuwa. Nih hau.

Wanda bai taɓa zama bisa siminti a jar hanya ba, bari in hwaɗa mashi. Muddin ana kwalta da sauƙi. Da an sauka ƙasa, kowane rami buhu sai ya yi atishawa. Ko da munka shiga Illela shaddata ta koma kalar toka, gashin idona hwari hwat, in na yi tari hayaƙi ke hita. Mota tat tsaya daidai ƙohwar shagon Alhaji, ranar kasuwa, jama'a maƙil. Nis sauko ta igiya kamar biri.

Alhaji Shaibu bai dubi huskata ba, inda nis sauko yad duba. Yac ce, "Kai ne yaron Ilu?"

"Ni ne, Alhaji."

Yaj juya wurin tsohon. "Nomau, babu wuri gaba?"

Baba yac ce, "Akwai wuri."

Iyakar abin da yah hwaɗi ke nan. Bai kai ƙarata ba, bai zage ni ba. Alhaji yaj jinjina kai yac ce, "A ba shi ruwa shi wanke ido. Ka gaida Ilu." Ina nan tsaye da permi a hannu babu wanda yak karɓa. Sati bai zagayo ba anka ba wani mutumin Badagishiri makulli.

A ranar nig gane abin da Ilu bai hwaɗa mani ba don shina ganin ko jaki ya san shi. Mai mota ba shi iya tuƙi, ba shi san mai hannu da marar hannu ba. Abin da yake dubawa guda ne: wa yak kawo ka, kuma ina kaz zauna. Direban da yas shigo gari cikin kabin ɗin dattijo, an shaide shi. Wanda yas shigo bisa kaya alhali kujera na nan babu kowa, shi ma an shaide shi.

Ilu bai buge ni ba, da ma ya buga. Cewa yay yi, "Shekara ashirin ina bin Tsarnawa. Kai kas sa anka ambaci sunana gaban mai shayi." Labari kuwa ya riga mota gudu. Daga Dogon Dutsi har Madawa sunana ya tashi daga Babu-Zama ya koma Buhu. In na nuho kabin, tun daga nesa direba ke ɗaga gilashi.

Ana haka hwara taz zo tac cinye gero. Ku da kuke yara lokacin kun san yunwa, amma ba ku san abin da tay yi ma tasha ba. Babu wake, babu gero, mai gini ya daina gini. Masu motoci sunka jingine su bisa duwatsu sunka cire batir. Direbobi masu shekara ashirin kan hanya na zaune gindin itacen bedi suna dara tun hantsi har la'asar. A irin wagga shekara wa za shi ba Buhu mota? Na koma turin baro bakin iyaka, permi naɗe cikin leda cikin aljihu don kada zuhwa ta cinye hoton. Motar Ilu ma ta kwanta. Ƙaramar motar Alhaji ta kwanta, mutumin Badagishiri yat tahi ci-rani bai dawo ba. Babbar kaɗai ke motsi, sati-sati, Baba Nomau na jan ta shi kaɗai, ko aparanti, yaron mota, babu, don babu abin ciyar da shi.

Da damina ta gaba tay yi kyau, wake yah hwara nuna, nij ji Alhaji za shi tada ƙaramar mota. Nit tahi wurin Ilu. Yac ce, "Ba ni aika ka, ba ni yi maka baki. Hanyar Illela guda ce, ta kabin ɗin Nomau tab biya."

Ran lodi nit tahi tasha. Na jira ya gama duba igiya ya hau. Niz zagayo ta hagu, nit tsaya ƙasa taku biyu daga ƙohwa. Niy yi sallama, nig gaida aiki, nih hwaɗi sunana da na Ilu, nim miƙa permi. Nic ce, "Baba, in da hali ina roƙon kujera zuwa Illela. In babu hali, Allah shi kiyaye hanya."

Ko permin bai karɓa ba. Yac ce, "Babu hali."

Kujerar na nan wayam, ina hangen ta. Direbobin gindin bedi sunka kwashe da dariya, wani yac ce, "Buhu, bisa akwai wuri!" Nid duƙa nic cire mashi weji, nis saƙala shi inda ake saƙalawa, nic ce Allah shi kiyaye. Yat tahi.

Sati na biyu haka. "Babu hali." Nic cire weji.

Kahin sati na uku Sahabi yat tare ni yac ce ran kasuwar nan za a ba da makulli, akwai mutum biyu da sunka riga sunka tahi. Yac ce, "Kai ma wauta gare ka. Hau taksi ka tahi mana, ko in yi ma tsohon magana." Nic ce mashi don Allah shi bar ni, maganatai ta hwarko ma ban gama biyanta ba.

Ran nan da nim miƙa permi Baba yak karɓa. Yaj juya kai duka gehe guda shina dubawa, ya daɗe. Yac ce, "Wa yak koya maka tuƙi?"

"Ilu Gajere."

"Shi yak koya maka cire takalmi cikin kabin ɗin mutane?"

"A'a, Baba. Wannan ni nik koya ma kaina."

Yat tauna goro sau biyu. Yac ce, "Zagayo."

Na zauna, takalmi a ƙahwa, hannu bisa gwiwa. Ku tuna wa ake ce ma Babu-Zama. Gurmin nan dai shi ne, kaset ɗin ya tsuhwa har shina jan murya, ban dube shi ba. Munka zo hawan nan na bayan gari, tsohon yab bar ta a ta uku, yab bar ta tana kuka, tana kuka, har ya wuce inda ya kamata shi canza, da gangan, shina satar kallona. Harshena nic ciza har nij ji gishiri. Wurin jandarma na dira da weji na koma gehe kamar kurma.

Bayan Tsarnawa ne nil lura da wani abu. Madubin dama ba shi duba shi da wutsiyar ido yadda direba ke yi, sai ya juya wuya duka. Wani mai keke na tahe gehen kwalta, mota na matsa mashi, tsohon bai kauce ba. Nic ce, "Keke dama." Nan take yaj ja ta hagu. Nis saci kallon huskatai. Ƙwayar idon dama ta yi hwari kamar an ɗiga nono. Watanni ke nan shina bin hanyar nan shi kaɗai da ido guda.

Daga nan ban bar komi ba. "Amalanke dama." "Mata da itace dama." "Rami dama, babba." Ba shi amsawa, amma hannunai na amsawa. Da munka sauka jar hanya gonaki sun ruhe gehe biyu, dawa ta hi mutum tsawo. Muna cikin gangara sai ga jaki ya hito daga cikin dawa ta dama, an labta mashi harawa, wata tsohuwa na biye da shi riƙe da igiya. Wallahi bakina cike yake da "taka burki", har ta iso haƙora. Nih haɗiye ta nic ce, "Jaki da mutum, dama, kusa!"

Mota tad durƙusa. Kwanon ruhi yay yi ƙara baya kamar aradu. Munka tsaya, harawar na shahwar hancin mota. Tsohuwar taj ja jakinta taw wuce tana zagin iyayenmu.

Na dira na sa weji, na zagaya na duba igiya, na buga tayu, na dawo. Baba bai tada mota ba. Yac ce, "Mi kag gani?"

Nic ce, "Jaki, Baba."

"Ba shi nike tambaya ba."

"Jaki nig gani, da keke, da amalanke."

Can yac ce, "Hakiya ce. Tun bara. In an gama kwasar wake zan aje makulli. Da bakina Alhaji za shi ji, ba da na wani ba."

Nic ce, "To, Baba."

Yaz zaro goro yaɓ ɓare, yam miƙo mani rabi.

Munka shiga Illela kasuwa ta cika. Yat tsaya ƙohwar shagon nan dai. Mutum biyun da Sahabi yah hwaɗa na zaune bisa benci, kowa da takardunai a hannu, ɗaya har da tabarau. Nik kama ƙohwa zan dira da weji kamar yadda aka saba. Baba yac ce, "Zauna."

"Baba, weji..."

"Nic ce zauna."

Yaj ja burkin hannu, yab bar ta cikin giya, yad danna oda. Yas sake dannawa. Yas sake, har masu awon gero sunka waiwayo. Ni ina zaune kamar amarya, jama'a na kallo. Alhaji Shaibu yah hito daga shago shina goge hannu, yaz zo gaban mota yat tsaya. Yad dube ni ta gilashi, yad dubi tsohon.

Yac ce, "Nomau, yau akwai wuri gaba ke nan."

Baba yac ce, "Akwai."

Alhaji yaj juya yal leƙa cikin shago yac ce, "A ɗauko makullin ƙaramar."

Har yau bai taɓa ganin permina ba. Sati huɗu na kwasar wake motocin biyu tare sunka riƙa tahiya, ni gaba, Baba baya shina bin sawuna. Ran da munka sauke buhu na ƙarshe yas shiga shago da ƙahwatai yah hwaɗa ma Alhaji, ya aje makulli bisa tebur. Shina Tajaye yanzu da awakinai. Mai taya goman nan da kuke cewa ta sa ni girman kai, tashi ce.

To kai mai salula, an ce mani sunanka Bashiru, an ce hannunka na da kyau, ba ni musu. Ran lodi mai zuwa ina bayan masallaci. Ka zo ta hagu, takalminka a ƙahwa, ka zo da sunan wanda yak koya maka. Tun yanzu nike hwaɗa maka, babu hali zan ce. Abin da nike son gani shi ne ko za ka duƙa ka cire mani weji.